Daga Wurno zuwa Mai Wurno: Abotar Iyaye Muhajirai a Madadin Dangi

Tsakure

Maƙalar nan tana duban zaman magidanta da matan aure waɗanda suka bar ƙasar Sakkwato suka sauka a Sudan tun daga hijirar 1903, da yadda suka yi renon 'ya'yansu a wurin da babu kaka, babu gwaggo, babu kawu. Da'awarta ita ce, abotar da ta ƙullu tsakanin waɗannan iyaye ita ta ɗauki ayyukan da al'ada da shari'a suka ɗora wa dangi, sa'an nan ta bi ta ƙofar shayarwa da ta auratayya ta koma dangantaka ta haƙiƙa, kuma tana cikin manyan dalilan da suka zaunar da mutanen da suka fito da niyyar wucewa.

Gabatarwa

Duk wanda ya san gabashin ƙasar Sakkwato, ya san Wurno da Goronyo da fadamunsu na shinkafa da albasa a bakin gulbin Rima, ya san Raba inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, ba ya bukatar a gaya masa cewa tafiya tsohuwar sana'a ce a wurin mutanen nan. Gama tun kafin a gina madatsar ruwan Goronyo, wadda ta tsayar da waɗansu a kan noman rani, da an kai amfanin gona rumbu sai samari da magidanta su ɗaure kaya su tafi cin rani, har yawansu ya sa masanin ƙasa R. M. Prothero ya yi nazarin ƙidayar da aka yi musu a kan hanyoyi a ranin 1952 zuwa 1953. Amma ɗan cin rani, ko Ibadan ya kai ko Kumasi, gidansa yana nan inda ya bar shi, matarsa tana hannun uwarsa, 'ya'yansa suna gaban 'yan'uwansa, kuma da hadari ya fara haɗowa ya kama hanyar gida. Wanda maƙalar nan ta dosa shi ne wanda ya ɗauki gidan ɗungum, da mace da goyo da tukunya, ya kai shi ƙasar da ba a jin harshensa.

Masana sun yi rubutu mai amfani a kan waɗannan mutane. Umar al-Naqar a 1972 ya bi tarihin hajjin mutanen Afirka ta Yamma, J. S. Birks a 1978 ya bi hanyar kanta, Mark Duffield a 1981 ya yi nazarin tattalin arzikin garin Mai Wurno, C. Bawa Yamba kuwa a 1995 ya dubi aƙidar waɗanda suka haifi 'ya'ya da jikoki a yankin Jazira na Sudan alhali suna kiran kansu matafiya. Hankalinsu ya fi karkata ga gona da kasuwa da masallaci. Ni kuwa tsakar gida nake so in leƙa, da hasken abin da suka rubuta da na fiƙihun Malikiyya da al'adar da mutanen suka fita da ita.

Asalin tafiyar

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, sai mas'alar wajabcin hijira, wadda Mujaddadi Shehu Usmanu ya yi wa littafi sukutum, ta sake faɗo wa jikokinsa a aikace. Waziri Buhari ya zauna, ya rubuta risala yana kafa hujjar halaccin zama da Nasara a zahiri domin kiyaye addinin jama'a. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu kuwa ya fita ya nufi gabas, Fulani da Hausawa masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya ci sunan Sarkin Musulmi Bello da ke kwance a Wurno, ya kuma ɗauki laƙabin Mai Wurno, shi ya ci gaba da ragowar jama'a, suka sauka a garin Shehu Talha a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan wajen 1906, daga baya aka kafa garin da ke ɗauke da laƙabinsa a kudu da Sinnar, inda zuriyarsa suka gaji sarauta.

Bayansu maniyyata suka yi ta kwarara. A nan ya kamata a tuna cewa istiɗa'a a mazhabar Imamu Malik ba ta rataya ga mallakar guzuri da abin hawa ba, wanda ke iya tafiya a ƙasa kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya ana lissafa shi cikin masu iko. Saboda haka talaka, wanzami ko maɗinki ko almajiri, ya ga hajji ya hau kansa, kuma tun da tafiyar ta shekaru ce, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, bai ga dalilin barin iyalinsa a baya ba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira masu neman hannu, sai matafiyin da guzurinsa ya ƙare ya sami inda zai tsaya ya tara na gaba.

Gurbin da dangi suka bari

Ba a gane nauyin abin da ya sami waɗannan iyaye sai an lura da cewa a ƙasar Hausa da Fulanin gida uwa da uba ba su ne kaɗai masu renon ɗansu ba, kusan ma a ce a wajen ɗan fari su ne na baya. Mace mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Tsohuwa ce ke tsaya mata a wankan jego na kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa. Ran suna dangin uba da na uwa kowa ya san abin da ke kansa. Idan yaye ya zo wurin kaka ake kai yaro. Gwaggon da ba ta haihu ba tana da haƙƙin a ba ta riƙo. A kan wannan duka ga kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane, al'adar da ba ta cutar da yaro a Wurno domin akwai hannuwa goma da za su ɗauke shi, amma wadda a bukkar ma'aikatan auduga, inda daga miji sai mata, take barin jariri ba mai yi masa tawai. Matafiyan sun fita da kunyarsu cikakkiya, masu ɗauke musu nauyinta kuwa suna can gida.

Abin da ya cike gurbin ba baƙo ba ne gare su. Ƙawance tsakanin mata, yadda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a ƙasar Zazzau, kuma yadda aka san shi a Sakkwato, alkawari ne mai ƙa'ida: ana neman ƙawa, ana amsawa, ana musayar biki, abin da aka kawo miki ran sunanki ki ninka shi ran nata, har in ya yi nauyi a yanke a koma ƙasa. A gida wannan ƙawance ado ne a jikin bango, a baƙunci kuwa shi ya koma ginshiƙin da ke riƙe da rufin. Matar da aka haɗu da ita a zango, ko aka tsinci auduga layi ɗaya da ita, ita ce za ta hura wutar jego, ita za ta karɓi yaye, ita yaro zai tashi yana kira Inna ko Gwaggo ba tare da ya taɓa tambayar ta ina aka haɗu ba. Ina zaton kuma matan da suka fito daga ƙasar da aka san 'yan taru na Nana Asma'u, inda matan ƙauyuka suka saba haɗuwa bayan jaji su yi tafiya tare domin karatu da sadaka, ba su sha wuyar gane cewa mata na iya zama jama'a ba tare da jini ya haɗa su ba.

Nono da aure

Inda al'amarin ya fi ban sha'awa ga ɗalibin fiƙihu shi ne wajen shayarwa. Tafiya mai yunwa da zazzaɓi takan kwantar da mai jego ko ta ɗauke ta, kuma jariri ba ya jiran a aika gida; ƙawar da ke da goyo ita za ta ba shi nono. To, a wurin Malikiyya ko tsotsa ɗaya ce, muddin ta isa cikin yaro a cikin shekarunsa biyu na shan nono, ta haramta abin da nasaba ke haramtawa: mai shayarwa ta zama uwarsa, mijinta ubansa, 'ya'yanta duka 'yan'uwansa. Ta haka jin ƙai na dare ɗaya yake mai da abota muharramaka ta har abada, ba da shawarar maza ba, sau da yawa ma ba da saninsu ba.

Sai dai ƙofa ta biyu, wadda maza suka fi so, ita ce auratayya: aboki ya ba ɗan abokinsa 'yarsa, su zama surukai, jikokinsu su zama ɗaya. Ƙofofin nan biyu kuwa ba sa buɗuwa tare a kan yaro guda, domin wanda ya sha nonon gida ba ya auren 'yar gidan. A ƙaramar jama'a wadda ba ta cika aurar da 'ya'yanta ga Larabawan da ke kewaye da ita ba, su ma ba su cika nema ba, sanin wa ya sha nonon wa ya zama ilimi mai tsada, kuma tsofaffin mata ne ma'ajiyarsa. Shari'a ma ta san da su, tun da tana karɓar shaidar mata biyu a kan shayarwa idan maganar ta riga ta bazu kafin ɗaurin aure.

A wajen maza abotar ta fi bayyana da rigar hukunci. Baƙo yana sauka ne a hannun mai masauki, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, shi zai nema masa gona ko aiki, ya tsaya masa a bashi. Idan ajali ya riski magidanci, 'yarsa ba ta rasa waliyyi, domin mazhaba ta ba wasiyyin uba wannan matsayi, ta san da wanda ya yi kafalar yarinya ya rene ta, a ƙarshe kuma ga waliccin Musulunci na gama-gari. Malamansu ba su rasa abin koyi ba, ga 'yan'uwantakar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla tsakanin Muhajiruna da Ansaru a Madina. Amma shari'a ta ja iyaka a wuri ɗaya, aboki ba ya gado, iyakarsa wasiyya cikin sulusi. Wanda ya yi jinya, ya yi sutura, ya riƙe marayu, yana iya ganin an ajiye rabon wani ɗan'uwa na Goronyo wanda bai taɓa taka ƙasar ba. Ba na shakkar cewa wannan yana cikin abin da ya ƙara wa auratayya daraja, domin ita ce hanyar da dukiyar abokai biyu take haɗuwa a hannun jikoki ba tare da an saɓa wa hukuncin gado ba.

Abin da ya zaunar da su

Yamba ya sami mutanen ƙauyukan Jazira, har waɗanda kakanninsu aka haifa a can, suna cewa a kan hanya suke, suna gudun gina gida mai ƙarko, suna gudun makarantun hukuma, suna jiran ranar da Allah zai kira su Makka. Ya kuma nuna yadda bashi da dogaro ga malamai suke jinkirta tashin. Ban musa ba, sai dai akwai bashin da ba ya shiga littafin mai kanti. Matar da aka yi wa biki sau uku ba ta tashi ta bar ƙawarta da budurwa a ɗaki. Wanda aka bar wa wasiccin marayu ba ya tsallaka Bahar Maliya kafin ƙaraminsu ya balaga, kafin nan kuwa nasa sun isa aure, an ba shi, ya bayar. Kowace shekara niyya tana nan daram, kowace shekara kuma akwai suna ko aure ko ta'aziyyar da bai kamata a tafi a bari ba.

'Ya'yan kuwa sun tashi da Larabci a bakinsu, kuma ba duka suka tsaya inda iyaye suka shata ba. A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha al-Fallatiya, 'yar malami ce mai asali da ƙasar Sakkwato, aka haife ta a yankin Kasala, ta zama mace ta farko da ta yi fice da waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. Gasasshen naman agashe da ake sayarwa a titunan Hartum kuwa kowa ya san hannun Hausawa ne ya kawo shi. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ƙarshen shekarar 1897 ma'auni na asali, alhali muhajiran Burmi sun iso bayan haka da shekaru, sai jikan wanda ya sare dajin Mai Wurno ya wayi gari yana neman takardar shaidar ƙasar da aka haifi ubansa a cikinta. Abotar da ta rufa musu asiri ta kuma killace su, ta sa maƙwabta suka daɗe suna kallonsu jama'a guda mai sunan Fallata ko Takari, ba a rarrabe ɗan Sakkwato da ɗan Barno.

Wannan tambaya ta asali ba ta kwanta ba. A watan Yulin 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, waɗansu ƙabilun yankin suka ƙi bisa hujjar cewa ƙasa ba tasu ba ce, aka yi faɗan da ya ci rayuka masu yawa a wajen Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Cikin 'yan kwanaki da faɗan farko Hausawan Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Ubayyid da Hartum suka fito kan tituna, garuruwan da ɗaruruwan kilomita suka raba, amma waɗanda da wuya a rasa suruki ko ɗan'uwan nono a tsakaninsu.