Birnin Ruwa a Fim: Daga Benis zuwa Nguru da Gashuwa

Masu shirya fina-finan ƙagen kimiyya sun daɗe suna komawa Benis, tsohon birnin Italiya da magudanan ruwa suka zame masa tituna. A Moonraker na 1979 kwalekwalen gargajiyar birnin ya rikiɗe ya hau tudu yana tafiya. A The League of Extraordinary Gentlemen na 2003 an kutsa da jirgin ƙarƙashin teku cikin magudanansa. A Spider-Man: Far From Home na 2019 wani dodon ruwa ne ya taso yana rusa gine-gine. Ko a A.I. Artificial Intelligence na 2001, an ambaci Benis tun a buɗewa cikin biranen da teku ta haɗiye. Abin da ya haɗa waɗannan fina-finai shi ne birnin ado ne kawai, masifa kuma daga waje take zuwa masa. Wannan, a ganina, babban rauni ne, kuma masu fim na Hausa suna da damar yin abin da ya fi haka ƙarfi idan suka juya kyamara zuwa dausayin Haɗeja da Nguru.

Dalili kuwa shi ne matsalar Benis ta gaskiya tana da hannun ɗan'adam a ciki. Masana'antun Marghera da ke kusa da birnin sun yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar ƙarni na 20 har ƙasar birnin ta ƙara nutsewa, aka kuma haƙa hanya mai zurfi domin jiragen dakon mai. Ambaliyar 1966 ta kai santimita 194, ta Nuwamban 2019 ta kai 187, shingen MOSE da aka shafe shekaru ana jayayya a kansa kuwa sai a Oktoban 2020 aka fara ɗaga shi domin tare ambaliya. Tambayar wa ke da ikon buɗe ƙofar ruwa da rufe ta, da wa ke cin riba da wa ke asara, ita ce ƙashin bayan labarin, amma fina-finan suka tsallake ta suka kawo dodo.

A arewacin Yobe wannan tambaya ba ta ɓuya. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke malala su cika fadamun yankin kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke ratsa Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, shawarar da ake yankewa a ƙasar Kano ce ke tsara yadda ruwa ke isowa. A da, kogi yakan cika da damina ya janye da rani, manomin shinkafa da masunci da makiyayi kowa ya san lokacinsa. Da ruwa ya koma gudu duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyi irin su Burum Gana, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka gonaki na nutsewa a wani ɓangare, wani ɓangaren kuma yana jiran ruwan da ba ya zuwa. Kachalar ta kuma zama maɓoyar jan-baki, tsuntsayen da ke cinye hatsi tun yana gona. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a wannan fadama ya zarce wanda ake samu a aikin noman rani na Kogin Kano. Duk da haka maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are ba ta mutu ba. Marubucin da ya zauna ya hasko Nguru ko Gashuwa bayan shekara 50, da kwalekwale a bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru da layin dogo ya iso a 1930, da na'urar da ke raba ruwa tsakanin garuruwa, da rikicin wanda ke riƙe da makullinta, ba ya bukatar aron mugu daga wata duniya.

Za a ce Nguru ba Benis ba ce, ba ta da fadoji na marmara da duniya ta sani. Gaskiya ne, amma abin da ke mai da wuri birnin ruwa shi ne rayuwar mutanensa ta rataya a kan hawa da saukar ruwa, kuma nan haka take ga Bade da Manga da Fulani da Hausawa. Wurin ma ba baƙo ba ne ga duniya: tafkin Nguru da mashigar Marma ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000, tsuntsayen Turai kuma suna sauka a Dagona duk hunturu. Za a kuma ce Kannywood ba ta da kuɗin dabarun kwamfuta. Pumzi, gajeren fim da Wanuri Kahiu ta Kenya ta fitar a 2009 kan duniyar da ruwa ya ƙare mata, ya nuna cewa tunani mai kaifi ya fi tsadar kayan aiki muhimmanci. Kuma irin wannan ƙage yana da saiwa a adabinmu, domin Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

Sukar da ta fi nauyi ita ce: mutanen da ambaliyar 2022 ta raba da gidajensu, da iyalan Gashuwa da ciwon ƙoda ya addaba, gyara suke bukata, kuma fim ɗin da ke nuna zahiri zai fi yi musu amfani. Ban raina wannan magana ba. Sai dai fim ɗin zahiri yana nuna ɓarnar da ta riga ta auku ne, ita kuwa madatsa ana yanke shawararta yau, illarta ta bayyana bayan shekara ashirin ko talatin, lokacin da masu sa hannu sun bar ofis. Ƙagen kimiyya shi ke iya ɗauko wannan illa mai nisa ya ajiye ta gaban mai kallo tun ana iya sauya shawara. Wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce. Auna sakamako ne daga abin da ido ke gani, kamar yadda manomi ke duban hadari ya gyara bakin kwarinsa. Sharaɗin kawai shi ne kada mai fim ya maimaita kuskuren da aka yi wa Benis, ya ɗauki hoton ruwa da kwalekwale ya manta da mutanen wurin. Masuntan da ke taruwa a bikin kamun kifi na Gogaram, da masanan Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, su ya kamata a zauna da su tun ana rubuta labari, a kuma bar harshen Bade da na Manga su fito a bakin 'yan wasa tare da Hausa.