Kundin Lokutan Duniya: Madogarar Agogon Wayoyin Jos

Agogon da ke kan wayar mazaunin Jos yana dogara ne da wani kundin bayanan lokutan duniya mai suna tz, wanda Arthur David Olson ya assasa a shekarun 1980, kuma hukumar IANA ke ɗauke da shi tun 2011. A kundin, Jos da Kano duk suna ƙarƙashin Africa/Lagos, wato awa ɗaya gaba da GMT, lokacin da ake bi tun ranar 1 ga Satumba, 1919.

Najeriya ba ta sauya agogonta, amma wasu ƙasashen suna yi. Masar ta dawo da tsarin ƙara awa ɗaya a lokacin zafi a watan Afrilun 2023, Maroko kuwa ta riƙa rage awa ɗaya a watan Ramadan. Duk sa'ad da wata gwamnati ta yi irin wannan sauyi, masu kula da kundin sukan gyara shi su fitar da sabo.

Manhajar da ba a sabunta ba tana iya nuna lokacin Alƙahira da kuskuren awa guda, har ɗalibin Jos ya makara darasi ta intanet, ko ɗan kasuwa ya rasa ganawa. Maganin shi ne sabunta manhajar waya da kwamfuta a kai a kai.