Daga Bune zuwa Malta: wa ke zaɓar inda jirgi zai tsaya?

A makon jiya wani ɗalibina ya kawo mini hoton wani jirgin ruwa a wayar yayansa. Sunan jirgin Icon of the Seas, ya fara aiki a 2024, kuma yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000. Aikinsa yawon shaƙatawa: mutum ya biya kuɗi, ya zaɓi tsibiran da yake so ya gani, ya ci, ya kwana, ya dawo gida. Yaron ya ce, "Malam, in kai ne, ina za ka zaɓa?" Na ce Malta. Ajin ya fashe da dariya, don mu nan Bune ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tafkin kanwa. Sai na ba su labarin da ya sa na ce haka.

A ranar 25 ga Nuwamba 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya tashi daga Kukawa ya nufi Tumbutu. Hanya ta biyo da shi ta ƙasar Muniyo. Ya ratsa Bune, ya sauka Gure wurin Muniyoma Koso, ya isa Damagaram a ƙarshen Disamba. Cikin ayarinsa akwai yara biyu da abokin tafiyarsa Overweg ya ƴanta kafin ya rasu: Abbega, Bamargi, da Dorugu, Bahaushe ɗan Dambanas ta wajen Kance. An kama Dorugu yana ƙaramin yaro, aka yi ta sayar da shi har ya faɗo Kukawa. Ke nan yaron da bai wuce sa'ar ɗalibaina ba ya taka wannan ƙasa tamu, bai kuwa san inda ƙafarsa za ta kai shi ba.

Sun kai Tumbutu a 1853, suka komo Barno, suka keta Sahara, suka shiga Tarabulus a Agusta 1855. Nan Dorugu ya hau jirgin ruwa. Suka tsaya Malta, suka sauka Marsai ta ƙasar Faransa, suka bi ta Paris, a farkon Satumba suna Landan. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa. Da taimakonsa Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sannan littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo Afirka a 1864, a ƙarshen rayuwarsa ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, can ya rasu a 1912.

Abin da ya kamata mu lura da shi: a daidai wancan zamani Turawa masu hali sun riga sun fara biyan kuɗi don yawo a wannan teku. Tun 1844 kamfanin P&O na Ingila yake sayar da tikitin zagaya Bahar Rum, har da tsayawa Malta. A 1900 aka ƙera jirgin farko da aka yi musamman don shaƙatawa a Hambug, garin su Barth. A 1922 jirgin Laconia ya ɗauki masu yawon buɗe ido ya zagaya duniya da su. Dorugu ya tsaya a tashar da suke tsayawa, amma ba shi ya zaɓe ta ba. Tun daga Dambanas wasu ke yanke masa hanya.

Kakanninmu alhazai su sun zaɓa. Sun bi ta Cadi da Sudan a ƙafa da kan jaki, suna tsayawa noma ko ƙodago don su tara guzuri, wasu shekara da shekaru, kafin su kai Sawakin su hau jirgi zuwa Jidda. Sun san inda za su da abin da zai kai su, sun yi sallama da dangi, sun bar wasiyya.

Yau fa? A ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgi ya nutse kusa da Lampedusa, tsibirin da ke maƙwabtaka da Malta, mutum sama da 360 suka mutu. A wannan watan dai aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, wato ƙasar su Dorugu. Su ma wani ne ya zaɓar musu hanya, ya karɓi kuɗi, ya ce can akwai samu.

Shi ya sa ban ƙwace wayar ba, ban kuma ce wa yaron ya daina mafarki ba. Na rataye taswira a allo, na sa kowa ya zaɓi tashar ruwa guda: Kwatano, Legas, Jidda, Malta. Kowa ya nemo nisanta daga Bune, da harshen da ake yi a can, da takardun da ake bukata, da sana'ar da za ta sa a karɓi baƙo da mutunci. Kafin a tashi, wanda ya zaɓi Malta ya gano da kansa cewa fasfo da biza da ilimi ne suka raba fasinjan wancan katafaren jirgi da mai kwale-kwalen roba.

Ƴan'uwana malamai da iyaye, yaranmu suna ganin teku a waya kullum, ko mun so ko mun ƙi. In ba mu zauna da su kan taswira ba, dillalin hanyar Libiya zai zauna da su. Ku ba su labarin Dorugu, ku nuna musu hanyar da ya bi ta ƙofar gidanmu, sannan ku tambaye su inda suke son zuwa da abin da za su je yi. Allah Ya raya mana su, Ya kai su inda suka nufa lafiya, Ya kuma dawo mana da su.