Ƙasa Da Gini A Wajen Aborijin, Mutanen Asali Na Ostireliya

Ni ba magini ba ne, ɗan kara ne, kuma ta dalilin shanu na faɗo cikin wannan magana. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, muna zaune muna jiran tirela daga Arewa, sai na shiga waya ina duba yadda ake kiwo a Ostireliya. A nan na ci karo da labarin wasu makiyaya baƙar fata 'yan ƙabilar Gurindji, waɗanda ke yi wa kamfanin Vestey na Turawan Ingila kiwo a gandun Wave Hill. A watan Agustan 1966 su wajen 200 har da iyalansu suka ajiye aiki suka fice, shugabansu Vincent Lingiari na gaba. Ladan da ake ba su bai taka kara ya karya ba, ɗakunan kwanon da aka zuba su ciki kuma ba daɓe ba wuta. Kowa ya ɗauka ƙarin kuɗi suke nema, ashe ƙasar kakanninsu suke so a mayar musu. Suka koma wani wuri da suke kira Daguragu suka kafa gidaje da hannunsu, suka dage shekara tara, har a 1975 Firaminista Gough Whitlam ya je ya ɗebi ƙasa ya zuba wa Lingiari a tafin hannu.

Su Gurindji ɗaya ne daga cikin ƙabilun da ake haɗawa a kira Aborijin, wato mutanen da Turawa suka tarar lokacin da jiragen ruwansu suka sauka a Sidni a 1788. Sun yi sama da shekara dubu 50 a wurin, kuma a wancan lokaci suna da harsuna wajen 250. Yau ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar Ostireliya ba.

Me suke nufi da ƙasa?

Da Turanci suna cewa Country, amma ba ƙasa mai tuta da shugaba suke nufi ba, ba kuma fili na saye da sayarwa ba. Kowace ƙabila tana da yankinta, kuma idan ta ce ƙasa, to ta haɗa da duwatsu, koramu, itatuwa, dabbobi, sama, da labarai da waƙoƙin da aka gada game da wurin. Suna maganarta kamar ɗan'uwa: tana jin mutum, tana rashin lafiya, ana kai mata ziyara, kuma kula da ita wajibi ne a kan wanda ya gada. Wannan imaninsu ne, ba namu ba, amma wanda bai fahimce shi ba ba zai gane me ya sa suke rigima da magina ba. Injiniya ya ga fili ya ga wurin zuba kankare, su kuwa sun san wannan tudun na mata ne kaɗai, wancan kwarin hanyar wani labari ce da ba a tarewa.

Turawa sun mallaki Ostireliya ne a kan hujjar cewa ƙasa ce da ba ta da mai ita, don ba su ga gidaje da gonaki irin nasu ba. Sai ranar 3 ga Yunin 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan hujja, a shari'ar da Eddie Mabo, ɗan tsibirin Mer, ya shigar. Batun cewa ba sa gini ma ba gaskiya ba ne. A Budj Bim da ke jihar Biktoriya, 'yan ƙabilar Gunditjmara sun jera duwatsu sun haƙa magudanai suna tare wani kifi mai siffar maciji, aikin da ya kai shekara 6,600, ga kuma tushen ɗakunansu na dutse. A 2019 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Ginin macizai biyu

Misalin da ya fi burge ni yana gindin Uluru, wani jan dutse guda ɗaya mai tsawon mita 348 a tsakiyar hamada. A ranar 26 ga Oktoban 1985 gwamnati ta mayar wa masu shi, mutanen Anangu, da takardar mallaka, bisa sharaɗin su ba ta hayar wurin na shekara 99 a riƙa gudanar da shi tare. Da aka tashi gina cibiyar da za ta bayyana wa masu yawon buɗe ido al'adarsu, sai aka ba wani mai zanen gini, Gregory Burgess, aikin.

Shi kuwa bai zauna a ofis a Melbon ya zana ya aiko ba. Tafiya ya yi ƙauyen Mutitjulu ya yi makonni, dattawa maza da mata suna zana masa a kan yashi, suna zagawa da shi suna nuna masa inda ya halatta da inda bai halatta ba. Daga cikin dokarsu da tarihinsu da suke kira Tjukurpa aka ɗauko labarin wasu macizai biyu da suka yi faɗa a gindin dutsen: Kuniya, mesa, da Liru, mai dafi. Shi ya sa cibiyar ta zama gini biyu masu lanƙwasa suna fuskantar juna, da fili a tsakani. An yi bangon da tubalin ƙasa wajen dubu 90 da aka buga da jar ƙasar yankin, kuma an ajiye ginin nesa kaɗan da dutsen, ƙasa-ƙasa, don kada ya yi gasa da shi. An buɗe shi a 1995. A ciki ba a ɗaukar hoto. Kuma bayan shekaru ana roƙon baƙi su daina hawan dutsen wasu na kunnen ƙashi, a 2019 aka haramta hawan baki ɗaya.

Gidan kwana ya fi wuya

Cibiyar baƙi abu ne mai sauƙi, tunda akwai kuɗi kuma duniya na kallo. Inda gizo ke saƙar shi ne gidajen da gwamnati ke gina wa Aborijin a ƙauyukan daji. Shekara da shekaru ana kai musu gidan Bature: ɗaki uku, falo, kicin a ciki, banɗaki ɗaya, don miji da mata da 'ya'ya biyu. Amma a wurinsu dangi kan sauka gida ɗaya su yi makonni idan ana biki ko makoki. Da yawa sun fi son girki da hira a waje gefen wuta, inda za su ga mai zuwa da mai tafiya. A ƙabilu da dama namiji ba ya magana da surukarsa, ba ya haɗa ido da ita, ba sa zama wuri ɗaya. To ka ba irin wannan mutum gida mai ƙofa ɗaya da siririn lungu ɗaya zuwa banɗaki, ka ga ai ka ɗaure shi. Duk wanda surukarsa ta taɓa kawo masa ziyara a ɗakin haya na ciki da falo a nan Kudu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sannan idan aka yi mutuwa, iyali kan bar gidan na wani lokaci sai an turara shi da hayaƙi. Jami'in da bai san haka ba sai ya rubuta cewa sun yi watsi da gida.

Magina da suka saurara sun canja salo: ƙofofi fiye da ɗaya, baranda mai faɗi, murhu a tsakar gida, banɗaki a rarrabe da za a shiga ta waje.

Akwai kuma zargin da aka daɗe ana yi musu cewa su ke lalata gidajen. A 1985 wani dattijo makaho, Yami Lester, wanda ke shugabantar hukumar lafiya ta mutanensa a Kudancin Ostireliya, ya kira mai zanen gini Paul Pholeros da likita Paul Torzillo da jami'in tsabta Stephan Rainow, ya ce su nemo yadda mutane za su daina rashin lafiya. Daga nan ƙungiyar Healthabitat ta samo asali. Suna bi gida-gida da kayan aiki suna gwada famfo, shawa, wuta da magudana, suna gyarawa nan take, kuma mutanen ƙauyen ake ɗauka aikin. Abu na farko a jerinsu shi ne a iya yi wa yaro wanka. Bayan sun duba dubban gidaje, suka gano cewa ɓarnar mazauna ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na matsalolin ba. Sauran duk rashin gyara ne da algus tun wajen gini. A ganina wannan aikin famfo ya fi duk wani zanen bango nuna girmamawa.

A manyan birane

Yanzu maganar ta shiga birni. A Sidni an gyara wata tsohuwar tashar jiragen ruwa an mayar da ita tudu mai itatuwan asali, aka buɗe a 2015 da sunan Barangaroo, wata mata mai faɗa a ji a zamanin zuwan Turawa. A 2023 ofishin babban mai zanen gini na jihar da Sidni take ya fitar da ƙa'idar da ke jagorantar masu manyan ayyuka su zauna da masu ƙasa tun kafin a fara zane. Cikin waɗanda suka tsara ta akwai Dillon Kombumerri, wanda shi kansa Ba'aborije ne mai zanen gini.

Sai dai ba kowane aiki ne ake yabo ba. A Melbon akwai wani bene mai hawa sama da 30 da aka gama a 2015, wanda aka tsara barandojinsa ta yadda daga nesa za ka ga fuskar William Barak, shugaban ƙabilar Wurundjeri. An nemi yardar dattawan ƙabilar kuma sun bayar. Amma wasu Aborijin sun ce me amfanin fuskarsa a jikin gidajen kasuwa da aka gina don masu kuɗi? Shi Barak ya ƙare rayuwarsa yana kai ƙara wajen gwamnati don a bar wa mutanensa gonarsu ta Coranderrk. Ya rasu a 1903, kuma a 1924 aka rufe wurin.