Ƙididdigar Horon Tarin Fuka ga Ma'aikatan Lafiya a Gabashin Sakkwato

Ƙididdigar horon tarin fuka ita ce ajiye lissafin ma'aikatan lafiyar da aka koya wa gano cutar, gwada ta, ba da magani da cike rajista, tare da bibiyar inda kowannensu yake aiki. A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, da ke mazaɓar Sakkwato ta Gabas, aikin yana ƙarƙashin Shirin Yaƙi da Tarin Fuka da Kuturta na Ƙasa. Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu cutar, kuma mai tari a karkara yakan fara zuwa ƙaramin asibiti ne ko kemis. Idan wanda ya tarar bai san alamun ba, sai mai tarin ya koma gida yana yaɗa cutar.

Asali

Gwamnatin tarayya ta kafa shirin a 1989, ta ƙaddamar da shi a 1991. A 1993 aka rungumi tsarin DOTS, inda majinyaci ke shan magani a gaban mai sa ido. Tun daga nan horo ya zama tilas, domin tsarin ya dogara ne kan ƙananan ma'aikata. Babbar cibiyar horon tana Saye, kusa da Zariya, kuma can ake koyar da jami'an tarin fuka da kuturta na ƙananan hukumomi. A Jihar Sakkwato mai ƙananan hukumomi 23, kowace tana da irin wannan jami'i, wanda ke kai rahoto ga ofishin jiha.

Waɗanda ake horarwa

Akasarinsu jami'an lafiyar al'umma ne, irin waɗanda kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa ke yayewa, sai ma'aikatan jinya, likitoci, ma'aikatan ɗakin gwaji, masu kemis da 'yan sa-kai. Ana koya musu zargin cutar ga duk wanda tarinsa ya kai mako 2, da karɓar kaki, da aika shi inda ake dubawa da madubin likita ko na'urar GeneXpert, wadda ta shigo Najeriya a 2011. Suna kuma koyon maganin wata 6: wata 2 na farko da haɗin magunguna 4, sauran wata 4 da haɗin guda 2. Akwai darasin bin iyalan majinyaci, da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da gane tarin da ya bijire wa magani.

Yadda ake lissafin

Tushen lissafin shi ne takardar halartar bita. A kanta ake rubuta suna, muƙami, jinsi, asibiti, irin darasin da ranar da aka yi shi. Daga nan bayanan ke hawa zuwa jiha, sannan Abuja, su kai ga masu ba da tallafi irin su Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau, Tarin Fuka da Maleriya. Rahotannin shirin na fita ne duk bayan wata 3.

Ma'auni iri biyu ne. Na farko yana ƙirga kawunan da suka halarta. Na biyu yana duba asibitoci nawa ne, cikin dukkan na ƙaramar hukuma, ke da ma'aikaci horarre a bakin aiki yanzu. Na biyun ya fi wahalar tattarawa, amma shi ne ya shafi majinyaci.

Matsaloli

Mutum ɗaya na iya zuwa bita uku a ƙirga shi sau uku. Canjin wurin aiki, ritaya da tafiya ƙaro karatu kan ɗauke horarre, sunansa kuwa ya ci gaba da zama a takarda. Ƙa'idojin magani na sauyawa, don haka tsohon horo na bukatar sabuntawa. A gabashin Sakkwato akwai ƙarin nauyi: hare-haren 'yan bindiga, irin na Tabanni a Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a 2021, sun raba mutane da gidajensu, sun sa zuwa wasu ƙauyuka ya yi wuya. Cunkoson 'yan gudun hijira kuwa yana sauƙaƙa yaɗuwar cutar.

Amfani

Lissafi mai kyau yana nuna wa hukuma gundumar da ba ta da kowa, domin a tura gurbin bita can maimakon a riƙa kiran fuskoki iri ɗaya. Ana tabbatar da ingancinsa ta hanyar gwada shi da rajistar asibiti: masu tari nawa aka aika gwaji, nawa aka samu da cutar, nawa suka kammala magani. Inda adadin horarru ya ƙaru amma waɗannan alƙaluma ba su motsa ba, akwai gyara a darasin, ko a kayan aiki, ko a wurin da aka ajiye ma'aikacin.