Ungulayen Najeriya: yadda ake bambance su, da yadda hotonsu ke zama hujja

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Kano, Katsina ko Sakkwato zai iya ba da labarin zamanin da ungulaye ke jeruwa a kan rufin kwata, suna jiran mahauta su watsar da tarkacen yanka. A yau yaro kan tashi a waɗannan birane har ya shiga jami'a bai taɓa ganin ungulu ido da ido ba. Kowa ya yarda sun ragu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shaidar da za a ajiye a gaban hukuma: wane jinsi aka gani, a ina, yaushe, kuma guda nawa. Hoton da aka ɗauka da kyau, mai ɗauke da rana da wuri, yana amsa waɗannan tambayoyi huɗu, muddin mai ɗaukarsa ya san abin da yake kallo.

Girman matsalar

A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sanya jinsi huɗu na ungulayen Afirka a mataki mafi haɗari kafin ɓacewa, kuma dukkansu an san su a Najeriya. Wani bincike da Darcy Ogada ta jagoranta, wanda ya fito a mujallar Conservation Letters, ya gano cewa jinsi takwas da aka duba sun ragu da kashi 62 cikin ɗari idan aka ɗauki matsakaici. Daga cikin mace-macen da aka tattara bayanansu, guba ce ta jawo kashi 61, fataucin sassan jiki domin haɗa magani da tsibbu kuma ya jawo kashi 29. A farkon 2020 an kashe ungulaye sama da 2,000 da guba a Gini Bisau, an tarar da wasunsu babu kai.

Ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, kuma ɗanta kan yi shekaru kafin ya isa haihuwa, don haka giɓin da aka yi a mako guda kan ɗauki shekaru bai cike ba. Indiya ta ɗanɗana sakamakon: maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka sama da kashi 95 na manyan ungulayenta kafin a haramta bai wa dabbobi shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan daji suka yawaita. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Ungulu suna ne na jinsi da dama

An rubuta jinsi bakwai a Najeriya. Wadda aka fi sani, wadda karin magana ke cewa ba ta jewar banza, ita ce ungulun gari, Necrosyrtes monachus a wurin masana. Ƙarama ce idan aka gwada da 'yan uwanta: nauyinta bai cika wuce kilo biyu da rabi ba, faɗin fukafukanta a buɗe kuwa bai kai mita biyu ba. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, bakinta siriri, fuskarta babu gashi, fatar fuskar kuma ruwan hoda ce da kan rikiɗe ta yi ja idan tsuntsuwar ta harzuƙa. A ƙeyarta akwai lallausan gashi mai ruwan toka, kamar an ɗora mata hula. Ita ce mai zama kusa da mutane, a kwata da juji da kasuwa, kuma wannan sabon ne ya sa kama ta ya zo da sauƙi.

Manyan biyun da suka fi rikita masu kallo su ne mai farin baya, Gyps africanus, da Gyps rueppelli, wadda tsofaffin ƙamusoshin Hausa suka kira mikiya ko maiki, ko da yake a bakin mutanen yau mikiya ta koma sunan tsuntsuwar da ke kan tambarin Najeriya. Daga nesa kamar an tsaga kara. A kusa kuwa, ido da baki ne ke raba gardama. Mai farin baya idonta baƙi ne, bakinta ma baƙi, jikinta ba shi da zane, farin bayan kuma ba ya bayyana sai ta buɗe fukafukai. Mikiya idonta rawaya ne, bakinta mai haske kamar ƙaho, kowane gashi na jikinta yana da farin gefe, har ta zama kamar an yi mata ɓawon kifi. Ta farko a kan itatuwa take sheƙa, ta biyu a jikin duwatsu masu tsayi, irin na Kutus da ke jihar Damagaram a Nijar. Mikiya ce ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a ranar 29 ga Nuwamba, 1973, a tsayin mita 11,300. Sai dai waɗannan alamu na manya ne. 'Ya'yan jinsunan biyu duk masu duhu ne, har ƙwararru kan yi saɓani a kansu.

Ungulun Masar, Neophron percnopterus, fara ce mai baƙin gefen fukafukai da rawayar fuska. Ɗanta kuwa ƙasa-ƙasa ne, girmansa ya yi kusa da na ungulun gari, shi ya sa ake yawan ɗaukar wannan a matsayin wancan. Bindi ne mabuɗi: na ungulun Masar dogo ne mai tsini a tsakiya kamar bakin mashi, na ungulun gari gajere ne kamar an datse. Wasu daga cikin ungulayen Masar baƙi ne da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a yankin Sahel. Ɗaya daga cikinsu, wanda masu bincike suka raɗa wa suna Paschalis, an ɗaura masa na'urar bibiya a dajin Dadia na ƙasar Girka a 2013. Ya tsallake teku da hamada lafiya, sannan wani mafarauci ya kashe shi a kudancin Nijar a farkon 2014 domin kasuwar magani ta Najeriya.

Sauran ukun ba su da wuyar ganewa ga wanda ya yi sa'ar ganinsu. Mafi girma ita ce mai naɗaɗɗiyar fata a gefen kai, mai ƙaton baki da fararen cinyoyi. Akwai mai farin kai da jan baki. Sai ungulun kwakwar manja, mai fari da baƙi, wadda ta fi yawa a kudu da bakin koguna, kuma ita kaɗai ce ba ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Tsuntsuwar da ke shawagi a kan kasuwa da bindi mai tsagi a tsakiya shirwa ce, kada a lissafa ta.

Ɗaukar hoton

Manyan ungulaye ba sa son kaɗa fukafukai; jira suke ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, su hau ta. Saboda haka daga fitowar rana zuwa hantsi ake samunsu zaune a kan itace, lokacin da haske ke da laushi. Da rana ta take, sai su zama ɗigo a sama. Hazon hunturu ma kan cinye launi.

Mai ɗaukar hoto ya bar rana a bayansa. Idan tsuntsu yana sama, kyamara kan auna hasken sararin samaniya ta mayar da shi baƙar inuwa, don haka a ƙara hasken hoton da mataki ɗaya ko biyu domin ƙarƙashin fukafukai ya fito. Tsuntsu mai tashi yana buƙatar saurin ɗauka na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko fiye, da gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 300 zuwa 400. Wanda waya kawai yake da ita ya guji jawo hoto da yatsu har ƙarshe, domin hakan na farfasa shi. Ɗora idon wayar a kan madubin hangen nesa ya fi ba da sakamako. Hoto uku ake nema: kai daga gefe, tsuntsun a buɗe daga ƙasa, da faɗin wurin domin a iya ƙirge. Idan akwai zobe a ƙafa ko alama mai lamba a fiffike, wannan lambar ta fi komai daraja, domin da ita ake gane inda tsuntsun ya fito.

A kwata, a fara neman izinin sarkin fawa. Kusa da shingen jami'an tsaro kuwa, ko dajin da 'yan bindiga ke kai-komo, babu hoton da ya cancanci kasadar.

Daga hoto zuwa hujja

Kowace kyamara da waya tana ɓoye bayanan rana da lokaci a cikin hoto, wani lokaci har da wuri. WhatsApp da Facebook kan goge waɗannan bayanai idan aka tura hoto yadda aka saba, shi ya sa ya kamata a adana na asali, a kuma tura shi a matsayin fayil. Hoton da ba shi da rana da wuri, kowa na iya cewa daga Kenya aka kwafo shi.

Akwai inda ake buƙatar irin waɗannan bayanai. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, inda masu sa kai ke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma eBird da iNaturalist, inda wasu masu kallo ke duba hoto su tabbatar da jinsi ko su gyara. Gidauniyar NCF, da aka kafa a 1980, tana da shirin kare ungulaye. Najeriya tana cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita fataucin irin waɗannan tsuntsaye tsakanin ƙasashe, tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, kuma hukumar NESREA ce ke da alhakin tilasta bin ta. Duk da haka ana baje kawunan ungulu a rumfunan kayan magani a kasuwanni da dama ba tare da ɓoyewa ba, abin da ke nuna iyakar inda dokar ta tsaya.

Abu biyu ne ba a yi. Ba a wallafa ainihin wurin da sheƙa take a kafafen sada zumunta, domin mafarauta ma suna da waya. A miƙa wannan bayani ga masu bincike kai tsaye. Ba a kuma taɓa mushen da aka tarar da matattun ungulaye kewaye da shi, musamman idan akwai matattun ƙudaje a kansa, domin magungunan ƙwari irin su carbofuran da ake barbaɗawa suna iya shiga jikin mutum ta fata. A tsaya nesa, a ɗauki faɗin wurin, a ƙirga gawarwakin, a lura ko an yanke kawuna, sannan a sanar da ofishin kula da dabbobi ko na gandun daji mafi kusa kafin karnuka su isa wurin.