Ginger Baker: Makaɗin Landan da Ya Ratsa Sahara Neman Kiɗa

Ranar 26 ga Nuwamba, 1968, mutane uku suka hau dandamalin zauren Royal Albert da ke Landan don yin wasan bankwana. Ƙungiyarsu mai suna Cream shekara biyu da 'yan watanni kacal ta yi a duniya, amma ta riga ta sayar da miliyoyin faya-fayai. Eric Clapton ne ke riƙe da jita, Jack Bruce yana kaɗa jitar bas yana kuma rera waƙa. A bayansu, cikin tarin ganguna, akwai wani dogon mutum siriri mai jan gashi. Shi ne Ginger Baker, wanda ya kafa ƙungiyar da kansa.

An haifi Peter Edward Baker ranar 19 ga Agusta, 1939, a unguwar Lewisham da ke kudancin Landan. Mahaifinsa magini ne, an kashe shi a Yaƙin Duniya na Biyu a 1943, yaron yana ɗan shekara huɗu. Jan gashinsa ne ya jawo masa laƙabin Ginger. Yana saurayi, tseren keke ne ya ɗauke masa hankali, sai daga baya ya koma ga ganga, ya shiga ƙungiyoyin kiɗan jaz na gidajen rawa. A nan ya haɗu da Phil Seamen, gwanin makaɗin jaz na Ingila, wanda ya zama malaminsa. Abu biyu ya samu a wurin Seamen, kuma su suka juya rayuwarsa gaba ɗaya. Na farko, faya-fayan kiɗan gangunan Afirka da malamin ya kunna masa. Na biyu, hodar heroyin, wadda ya kwashe shekaru kusan ashirin yana fama da ita.

A 1962 ya gaji Charlie Watts a ƙungiyar Blues Incorporated, daga nan ya shiga ƙungiyar Graham Bond. A can ya yi aiki da Jack Bruce, kuma tun lokacin ba su ga maciji da juna. Har dambe sun taɓa yi a kan dandamali, daga bisani Baker ya kore shi. Da ya je wa Clapton da shawarar kafa sabuwar ƙungiya a 1966, sai Clapton ya kafa sharaɗi ɗaya: dole a sa Bruce. Baker ya haɗiye fushinsa ya yarda.

Zamanin ya dace da su. Matasan Turai da Amurka sun rungumi salon saikedelik rok, wanda ke ƙoƙarin kwaikwayon halin da mai shan ƙwayar LSD yake shiga: sautin jita mai lanƙwasa, waƙoƙi masu kama da mafarki, da dogon kiɗa da ba a tsara shi tun farko ba. Faifan Cream na 1967, Disraeli Gears, yana cikin manyan ayyukan wannan salo. A lokacin, makaɗin ganga a ƙungiyar rok kamar ɗan amshi yake a bayan mawaƙi, aikinsa ya riƙe kari kawai. Baker ya ƙi wannan matsayi. Ya girka manyan gangunan ƙafa guda biyu maimakon ɗaya, dabarar da ya gani a wurin Sam Woodyard na ƙungiyar Duke Ellington. Ya kuma fi dogara ga ganguna masu zurfin amo fiye da fayafayan tagulla, yana saƙa kari biyu ko uku a lokaci guda. A kiɗan “Toad” da ke faifan Wheels of Fire na 1968, wanda ya kai minti 16, mafi yawansa shi kaɗai ke kiɗa. Duk da haka, har ya mutu bai yarda a kira shi makaɗin rok ba. Shi dai a wurinsa ɗan jaz ne.

Rigimarsa da Bruce na cikin abubuwan da suka wargaza Cream. A 1969 ya sake haɗuwa da Clapton, tare da Steve Winwood da Ric Grech, a ƙungiyar Blind Faith, wadda ta fitar da faifai ɗaya ta watse. Ya kafa tasa, Ginger Baker's Air Force, ita ma ba ta daɗe ba. Daga nan ya yi abin da ba a saba gani ba ga tauraron da ke tashe. A 1971 ya ɗauki mota ƙirar Range Rover ya ratsa hamadar Sahara ta Aljeriya har Nijeriya, mai shirya fina-finai Tony Palmer kuma ya mayar da tafiyar fim mai suna Ginger Baker in Africa.

A Legas akwai tsohon abokinsa Fela Kuti, wanda ya sani tun Fela yana karatun kiɗa a Landan. A shekarar 1971 suka fitar da faifan Live! tare da ƙungiyar Fela, Africa 70. Baker ya tarar da makaɗin Fela, Tony Allen, mutumin da ya gina karin kiɗan Afrobit, ya kuma girmama shi matuƙa. Mutumin da ya saba raina takwarorinsa na Turai, a nan ya kwantar da kai ya saurara. A 1978 su biyun suka yi doguwar fafatawar ganga a bikin jaz na Balin.

Zamansa a Nijeriya ya bar tasiri. Ya kafa ƙungiyar Salt da matasan makaɗan Legas, ciki har da Berkley Jones da Laolu Akins da tagwayen mawaƙa Lijadu Sisters, ya kai su wasa Turai. Da suka dawo, Jones da Akins suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa BLO, ɗaya daga cikin fitattun ƙungiyoyin saikedelik rok na Afirka. Ya kuma zuba dukiyarsa ya gina ɗakin naɗar sauti na zamani a Ikeja, wanda aka buɗe a 1973. A wannan shekarar, Paul McCartney ya zo Legas naɗar faifan Band on the Run. Yawancin aikin a ɗakin kamfanin EMI da ke Apapa aka yi shi, waƙa ɗaya ce ya yi aikinta a wurin Baker. Kasuwar ba ta karɓi Baker ba, ya bar ƙasar da asara mai yawa. A Legas ɗin kuma ya koyi wasan folo, wanda dawakansa suka riƙa cinye masa kuɗi har tsufansa.

Sauran rayuwarsa yawo ce. Ya yi noman zaitun a Italiya a shekarun 1980, inda ya rabu da heroyin, ya zauna a jihar Kolorado ta Amurka, sannan ya koma Afirka ta Kudu. An shigar da Cream zauren girmama taurarin rok a 1993, kuma a 2005 mutanen uku sun sake haɗuwa sun yi wasa a Landan da Niyok. Zafin ransa bai lafa ba: a fim ɗin tarihinsa na 2012, Beware of Mr. Baker, an gan shi ya fasa wa mai shirya fim ɗin, Jay Bulger, hanci da sanda.

Ƙungiyarsa ta ƙarshe, Jazz Confusion, ta ƙunshi makaɗin Gana Abass Dodoo, kuma da ita ya fitar da faifansa na ƙarshe, Why?, a 2014. Ciwon zuciya da na huhu suka tilasta masa rage wasa. Ya mutu a wani asibiti a Kantabari ranar 6 ga Oktoba, 2019, yana da shekara 80. Ɗansa Kofi, wanda ya raɗa wa sunan abokinsa makaɗin Gana Kofi Ghanaba, shi ma ganga ce sana'arsa.